Yaya, ga abin da ke ranmu mu Hausawan Garwa

Yaya barka da warhaka, ya gida ya yara, ya jikin Baffa, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki tun daren jiya amma sai yanzu da na rufe shago na samu zama, don tambayarki ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce tunda yaronki ya kafe sai 'yar Garwa ta nan Kamaru zai aura, in gaya miki tsakani da Allah yadda muke kallonku ku mutanen Najeriya, da abubuwan da ke sosa mana rai waɗanda ba ma faɗa a gaban baƙo, kada ku zo biki ku taka mutane ba ku sani ba. To zan faɗa, amma ki yi haƙuri da ni, don wasu abubuwan ba su da hujja ko kaɗan, ni kaina na sani, kawai dai suna nan ne a rai sun ƙi fita.

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne mu nan da kunne muke yanke wa mutum hukunci. Kafin ya zauna, kafin a kawo masa ruwa, daga sallamarsa kaɗai mun riga mun ajiye shi a wani waje a zuciyarmu. Dalili kuwa garin ne haka, Garwa gari ne na Fillanci, shi ake yi a kasuwa da kan klando (abin da kuke ce wa acaɓa) da gaban Lamiɗo, Faransanci kuma na ofis da makaranta, Hausa ta cikin gida ce da unguwa da wajen mahauta da 'yan tireda. Yaro ɗan shekara bakwai a Hausare yana juya harshe uku a wuni ɗaya, to dole kunne ya yi kaifi. Ina jin mutum ya ce "ina wuni" zan gaya miki ko ɗan Marwa ne ko ɗan Ngaundare ko na Birikitiri ta Yawunde ko kuwa daga wajenku ya ƙetaro, kuma wallahi a take zuciyata ta gama yanke ko zan ba shi bashi ko ba zan ba shi ba, alhali ban san ko sunansa ba.

Idan na ji Hausar Kano tsantsa, wadda ba gauraye, abu biyu ne ke zuwar min lokaci ɗaya. Na farko daɗi, domin bakin kakanmu ke nan, kin dai san labarin yadda fataucin goro ya raba shi da ɗan'uwansa kakanku, shi ya zauna nan bakin Binuwai ya yi aure bai koma ba. Na biyu kuma sai in ƙara riƙe jakata. Haka kawai. An cusa mana tun muna yara cewa ɗan Najeriya wayo gare shi, bakinsa zuma, zai sayar miki da abinki ki yi masa godiya. Shekarata ashirin da wani abu ina saro atamfa da leshi a Kano, sau ɗaya tak aka taɓa cutata, wani mai shago ya cusa min yadi mai tabo a tsakiyar dila, amma waɗanda suka ba ni kaya bashi ba takarda ba shaida sun fi goma, akwai wanda ya biyo ni har tasha da canjin da na manta. Duk da haka in aka ce ɗan Najeriya, mai tabon nan ne ke fara faɗo min a rai, ba mai canjin ba. Na rasa dalili.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a danginku ba, yau zan gaya miki. Ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi mutane suka watse suka yi ta kwararowa ta kan iyaka, wani bawan Allah ya yi sallama a ƙofar gidanmu bayan la'asar, shi da matarsa da yara biyu, an gaya masa muna da ɗaki a zaure da muke ba da haya. Maigida ba ya nan, ni na fito. Yana buɗe baki na ji Hausar can ce, ya ce daga Mubi suke, gabana ya faɗi, kafin ya ƙarasa magana na ce ai an riga an kama ɗakin. Ƙarya na yi Yaya, ɗakin nan sai da ya yi wata huɗu a rufe. Mutumin bai yi musu ba, ya ce Allah ya saka da alheri, suka juya, ina kallon matar da tukunya ɗaya ɗaure a zani a kanta, ƙaramin yaron ba takalmi. Gaskiya ne lokacin ana cikin tsoro, jandarmomi suna bincike sosai, an ja kunnen masu gidaje kan saukar da baƙon da ba shi da takarda, kuma watannin da suka biyo baya, a Yulin 2015, bama-bamai suka tashi a Marwa har kowa ya ƙara tsurewa. Amma ni ban tambaye shi takarda ba, ban ce ya jira maigida ba, ban ko ba yaran ruwa ba, bakinsa kawai na ji. Mubin nan fa kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ita ma sunan Kamaru take amsawa, mutanenmu ne, muna da surukai a can. Ban sake ganinsu ba, ban san inda suka kwana ba, kuma har yau in na yi sallar dare sai na sa su a addu'a ina neman gafarar Allah.

To wannan shi ne babba. Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ne za su iya ɓata biki, don haka ki karanta wa ƙannenki mata da za su zo.

Gyaran Hausa. Don girman Allah kada kowa ya gyara wa kowa magana. Mu makaranta lekwal muke cewa, asibiti lopital muke cewa, wuta in ta ɗauke kuran ne ya tafi, katin ɗan ƙasa kuma kart, haka muka tashi muka ji. Ku da kuke cewa asibiti da mota da ofis da fanka ai ba daga Daura kuka gado su ba, Bature ne ya bar muku kamar yadda namu Baturen ya bar mana, bambancin kawai naku na Ingila ne namu na Faransa. Sannan za ki ji yaranmu, har da manya, sun ce wa mace "ya zo" ko "ya tafi kasuwa", saboda Fillanci ba ya raba namiji da mace a irin wannan wajen kuma shi suke sha tun suna goye. Ni kaina ba na son jin haka a bakin 'ya'yana, ina yi musu faɗa kullum, amma ranar da wata baƙuwa daga wajenku ta kwashe da dariya ta ce wa 'yata "ke wace irin Hausa ce wannan kamar ta 'yan koyo", sai da na yi kwana uku ban yi mata magana mai daɗi ba. Ni in gyara, e. Wani ya zo daga waje ya gyara, ji nake kamar ya ce kakana ba Bahaushe ba ne. Kuma abin da ke ƙara ciwon, a kudu, Duwala da Yawunde, duk wanda ya sa doguwar riga da hula ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Kotoko "Hausa" suke ce masa, nan arewa kuma wani Bafulatanin in ransa ya ɓaci kaɗo zai ce miki, sai kuma mu zo gida wajenku a ce ashe akwai Hausawa a Kamaru? Wannan tambayar ta "ashe akwai" ita ce na fi tsana a duniya, na san mai yin ta ba da mugunta yake yi ba, amma da na ji ta na gama da mutum.

Sai gaisuwa. Mun ɗauki doguwar gaisuwar Fulani, jam na, jam, ya gida ya yara ya zafi ya gajiya, a sake komawa farko, murya ƙasa-ƙasa, ido a ƙasa in babba ne. Ku kuma musamman samarinku sai su ce "ya ne" su wuce, ko mutum yana gaishe ki yana danna waya. A wajenmu wanda ya gajarta gaisuwa ya riga ya faɗi, komai kyan halinsa sai ya yi wata yana gyara abin da ya ɓata a minti ɗaya. Haka ɗaga murya, mu muna ganin kuna da hayaniya, in kuna ciniki kamar faɗa ake, ku kuma na san kuna cewa muna da sanyin jiki da ƙumbiya-ƙumbiya, ba a gane cikinmu. Wannan na ƙarshen akwai gaskiya a ciki, don in uwar amarya ta ce miki "ba komai" sau biyu a jere to akwai komai, ki neme ni a gefe in bincika miki.

Maganar kuɗi kuma ki ja kunnen Kawu sosai tunda shi zai karɓi aure. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya kuma sefa 1,000, ba naira 200 da tsofaffinku ke nufi da jaka ba. In aka zo maganar sadaki da kayan lefe a rubuta lamba a takarda kowa ya gani. Kuma kada a yi ta tambayar "nawa ke nan a naira" a gaban mutane ana zaro ido, mu a kunnenmu kamar ana cewa mun tsauwala ne. Ni ma ina da nawa laifin a nan, tun da naira ta faɗi na lura yadda nake shiga kasuwar Kano ya canza, har da wani ɗaga kai da ban san ina da shi ba, kuma ba na jin daɗin ganin hakan a kaina, alhali a cikin man da klandonmu ke sha akwai zuwa-zuwa, wato man sumoga daga wajenku, yadin da nake sayarwa daga wajenku, finafinan da muke kwana kallo daga wajenku, wa'azin da ke cikin wayar maigida ma haka.

Kada kuma wani ya ɗauko zancen dam ɗin Lagdo. Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Adamawa da Binuwai da Kogi, kamar 2012 da 2022, sai 'yan'uwa su yi ta kira suna cewa kun sako mana ruwa, kamar makullin dam ɗin yana ƙarƙashin matashina. Dam ɗin nan tun 1982 yake, yana sama da Garwa, in aka buɗe shi ta kanmu ruwan ke fara bi kafin ya isa Yola, a 2012 mutanenmu na bakin kogi ma sun rasa gidaje da gonaki. In an faɗa da wasa ma ba ya yi mana daɗi.

Abinci ba zan tsaya dogon bayani ba, za a kawo muku tuwo da miyar folere wato yakuwa, da tasba wadda kuke ce wa tafasa, da kifin Binuwai, ku ci ku yaba ko da tsamin ya yi muku yawa. Wadda ta ce "ba shinkafa ne?" za a riƙa tuna ta da wannan har ta yi jika.

Kada ki ɗauka ku kaɗai muke yi wa haka, junanmu ma ba mu bari ba. Mu na Garwa muna ganin na Birikitiri sun zama 'yan birni, Faransanci ya cinye musu baki, su kuma suna ganinmu ƙauyawa da zafin rana ya dafa. Gidan da Hausa ta ɓace musu suka koma Fillanci zalla muna yi musu wani gani-gani, alhali ƙanwar mahaifiyata ma haka gidanta yake kuma ba wanda ya kai ta riƙon zumunci. Sannan duk wannan ƙorafin da nake jero miki, da kin zo Garwa a Janairun 2022 lokacin kofin Afirka da kin rantse a Kano kike, Super Eagles a filin Rumde Ajiya suka yi wasanninsu, garin nan kaf ya koma kore da fari, 'ya'yana maza har muryarsu ta dishe ranar da aka ci Masar ɗaya da nema, ranar da Tunisiya ta fitar da ku kuwa ƙaramin ko tuwon dare bai ci ba. Yaran da nake ja wa kunne kan wayon ɗan Najeriya su ne suka yi kuka saboda Najeriya, ni ma ina ɗaki ina jin haushin abin kamar ƙasata ce aka cire.

Yarinyar na san gidansu, na san uwarta tun muna 'yan mata, tana da kunya da hannun girki, ta yi lekwal har ta samu bak, wato shaidar gama sakandare. Abin da nake roƙonki shi ne in ta tare a gidanku ta ce "Inna ya dawo" ko ta ce za ta je lopital, ki tsare mata dariyar facaloli da ƙannen miji, watannin farko ne masu wuya, bakinta zai juya da kansa. Ki sanar da ni ranar da za ku taso da ko ta Yola za ku biyo, in sa babban yarona ya tare ku a kan iyaka saboda shingayen jandarmomi, kowa ya riƙo takardunsa da katin rigakafin shawara. Ki gaida Baffa da kyau, ki ce ina nan tafe da kilishinsa bayan biki in Allah ya yarda.