Gwiwar Inna: radiyo, eko ko IRM, wanne ya cancanci kuɗinmu?

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, duk a kan hoton gwiwa: radiyo, wato hoton ƙashi; eko, wato hoton da ake ɗauka da sauti irin na masu juna biyu; da IRM, wato hoton injin maganaɗisu da ake ce wa MRI a Ingilishi. Ta farko ta fi tsawo, domin ita ce ta fi yawa a gidajenmu.

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya rubuto: "Mahaifiyata ta haura shekara 60. Shekara uku ke nan gwiwarta ta dama na ciwo. Salla sai a kujera, in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Ƙanena da ke Kano ya ce kada mu ɓata kuɗi wajen radiyo, mu kai ta a yi mata IRM a ga lafiyar jijiyoyin gwiwar. Ni kuwa in za a yi haka sai na sayar da bijimin da nake kiwo. Mene ne shawararka?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri. Amma ka bar bijimin ya ci harawarsa tukuna.

Kalmar jijiya ce ke rikita mu. Ta jini jijiya, ta laka jijiya, igiyar da ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya. Wadda ƙanenka ke nufi ita ce ta ƙarshen. Manyansu huɗu ne a gwiwa: ɗaya a gefen ciki, ɗaya a gefen waje, biyu kuma can tsakiya sun gitta juna, su ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu gammo biyu na guringuntsi masu karɓar nauyi, sannan kan kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da amosanin gaɓɓai na shekaru, inda wannan santsin ke cinyewa a hankali. Ba jijiya ce tushen ciwon ba. A Ingila, ƙa'idar da likitoci ke bi ta ce in mutum ya kai 45, ciwon na tashi da motsi, kuma riƙewar safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane cutar ba tare da hoton komai ba. Tambaya da taɓawa sun wadatar.

In likita ya nemi hoto, radiyo ne na farko. Ba ya nuna jijiya, ba ya nuna guringuntsi, amma yana nuna ratar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, kuma daga ƙunƙuncewar ratar ake gane yadda guringuntsin ya ƙare. Yana nuna tsiron ƙashi a gefe, da karkacewar ƙafa. Tun 1957 wasu likitoci biyu, Kellgren da Lawrence, suka shimfiɗa ma'auni daga 0 zuwa 4 da ake auna tsananin cutar da shi a radiyo, har yau ana amfani da shi. In ka ga kalmar gonarthrose a takardar sakamako, amosanin gwiwar ake nufi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe: a ɗauke ta a tsaye, nauyinta a kan ƙafar. Na koyi wannan a kan gwaggona. Mun kai ta wani wuri, aka kwantar da ita aka ɗauka, rata ta fito a buɗe kamar ta budurwa, muka dawo gida da hoton cikin babban ambulan muna murna. Likitan ƙashi da ya duba daga baya bai ko ɗaga hoton sama sau biyu ba. Ya ce, "A kwance aka yi wannan ko? Ku koma." Da aka sake a tsaye, gefen ciki ƙashi na kusan goga ƙashi. Kuɗi biyu, adaidaita biyu, da tsohuwa tana ta mita a hanya.

To me ya hana IRM, tunda ya fi gani? Ganin nasa ne ma matsalar. A 2008 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka yi wa mutane kusan dubu, masu shekara 50 zuwa 90, IRM ɗin gwiwa ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba. Da yawa an tarar gammonsu ya yage, kuma kashi 61 cikin 100 na masu yagewar ba su ji ciwon gwiwa ba a watan da ya gabata. Ka kai Inna, kusan tabbas takarda za ta dawo cike da Faransanci ko Ingilishi mai tayar da hankali: wannan ya yage, wancan ya sassauta. Gida ya ɗauki zafi, a fara neman wanda zai yi aiki. Alhali a wani binciken birnin Houston da aka wallafa a 2002, an raba masu amosanin gwiwa 180: wasu aka shiga da kyamara aka wanke ko aka kankare gwiwar, wasu aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi sauran samun sauƙi ba.

Tambayar da za ka yi wa likita ita ce: "In an yi wannan hoton, me zai canza a maganinta?" In amsar ba komai ce, kuɗin ya fi amfani wajen masu kine, wato ma'aikatan asibiti masu gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, su koya mata motsin da ke ƙarfafa naman cinya, da sanda mai kyau da za ta riƙe a hannun hagu tunda dama ce mai ciwo, da kujerar bayi don ta daina tsuguno. In tana da jiki, kowane kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Kuma don Allah a raba ta da ƙwayoyin masu yawo da magani a tire. Masu kashe ciwon suna cin ciki da ƙoda in aka dimance su.

IRM zai shigo ne in gwiwar ta fara kullewa ta ƙi miƙewa, ko ciwon ya tsananta farat ɗaya radiyo bai nuna dalili ba, ko likitan tiyata ya nema da kansa. Misali, in rabin gwiwa kawai za a canza, yana so ya tabbatar jijiyar gaba ta tsakiya tana nan da ƙarfinta.

Tambaya ta biyu daga wani ɗan kabu-kabu ce mai shekara 34, mazaunin Bagalam: "Bara na faɗi da babur a hanyar Ɗan Isa, na ji ƙas a gwiwa, ta kumbura nan take. Mai ɗori ya gyara, kumburi ya saɓe. Amma yanzu in na juya da sauri sai ƙafar ta zille kamar ba tawa ba. Radiyo ya ce ba karaya, sai ɗan alamar amosani. An ce in yi sikana."

Ƙanena, kai ne wanda IRM ya dace da shi, ba sikana ba. Sikana, wato radiyon kwamfuta mai nuna jiki yanka-yanka, gwani ne a ƙashi, amma a jijiya IRM ya fi shi nesa. Ƙara, kumburin gaggawa, zillewa: duk alamun tsinkewar jijiyar gaba ta tsakiya ne, kuma gwiwar da ke zillewa tana cinye gammonta, amosani ya zo da wuri. Sai dai ka fara da likitan ƙashi. Zai kwantar da kai, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya ja ƙwauri gaba da ɗayan. Ƙwararren hannu yakan gane tsinkewar a nan take. Ka tambaye shi ko aiki za a yi, a ina, nawa, domin ba kowace tsinkewa ake yi wa aiki ba, wasu kine ke riƙe su.

In tafiya ta kama, Yamai ko Kano ko wani wuri, ka buga waya ka tabbatar injin IRM ɗin na aiki a ranar kafin ka sayi tikitin mota, ka ji farashi daga bakinsu. Injin maganaɗisu ne mai ƙarfi, ba shi da hasken radiyo, saboda haka ka faɗa musu in akwai ƙarfe a jikinka, a cire laya, zobe da waya. Za ka kwanta shiru kamar rabin awa, yana ta ƙara kamar injin niƙa. Ka karɓo hotunan kansu a faifai, ba takardar sakamako kaɗai ba, don likitanka zai so ya gani da idonsa.

Ta uku wata baiwar Allah ce daga Tibiri: wani ƙullutu mai laushi ya fito mata a bayan gwiwa mai amosani, wanzami ya ce a yi sakiya, maƙwabciya ta ce a yi eko.

Hajiya, maƙwabciyarki ta fi gaskiya. Eko na ganin ruwan da ya taru a gwiwa, da irin wannan jakar ruwa ta baya, da jijiyoyin gefe, kuma ya fi IRM araha sosai. Na tsakiya ne ba ya gani da kyau, ke kuwa ba su ake nema ba. Kada ki bari a huda, domin jakar takan haɗu da cikin gaɓar, ƙwayar cuta in ta shiga ta samu gida. In kuma wata rana gwiwar ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, ko ƙafar ta kumbura har ƙasa, kada ki tsaya neman hoto da kanki, a kai ki asibiti a ranar.