Diril mara kabon, da batirin da ke ciyar da shi

Wani kafinta ya aiko da tambaya: “Zan sayi diril mai batir. Akwai wanda aka rubuta Brushless a jikinsa, ya fi tsada. Ya cancanci ƙarin kuɗin?”

Malam, idan kullum za ka riƙa aiki da shi, ya cancanta. Brushless na nufin mara kabon. A tsohon samfuri, wasu guntayen kabon biyu ne ke gogar amacha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin, suna kai wa kwayil (naɗin waya) wuta yayin da take juyawa. Gogar nan ce ke kawo tartsatsi da zafi, tana cin wani kaso na cajin batir a banza, kabon ɗin kuma yana cinyewa har sai an sauya shi. A mara kabon an juya tsarin: kwayil na zaune wuri ɗaya, maganaɗisu ne ke juyawa, wani ƙaramin allon lantarki kuma yana raba wa kwayil wuta bi da bi. Babu goga, don haka inji ba ya saurin ɗaukar zafi, caji ɗaya kuma ya fi kai ka nisa.

Rauninsa yana wurin allon. Kabon idan ya ƙare, kowane mai gyara zai sa maka sabo cikin mintuna. Allo kuwa idan ruwa ko garin ƙarfe ya ƙona shi, yawanci sai an sauya shi ɗungurungum, wani lokaci har da makunni, domin a haɗe suke zuwa. Masu walda su kula da wannan: a riƙa hure ramukan iskar giranda bayan aiki. Wanda kuma sai jefi-jefi yake ɗaura kusa a gida, mai kabon ya ishe shi, ya sa rarar kuɗin a batir na biyu.

Wata mai shagon kayan aiki ta ce: “Masu saye suna barin 18V suna ɗaukar 20V. Da gaske ya fi ƙarfi?”

Hajiya, abu ɗaya ne. A cikin batirin akwai ƙwayoyin lithium biyar a jere, kowace 3.6V a wurin aiki, kusan 4V idan an cire ta daga caja. Biyar sau 3.6 ya ba da 18, biyar sau 4 ya ba da 20. Kamfanin DeWalt na rubuta 20V MAX a Amurka, 18V a Turai, a kan batir iri ɗaya.

Lambar da ya kamata su duba ita ce Ah, wadda ke nuna yawan cajin da batir ke ɗauka. Batir mai 2.0Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, mai 4.0Ah ko 5.0Ah yawanci layi biyu ne, ƙwayoyi goma. Layi biyu suna raba nauyin aiki, don haka ban da daɗewa, wuta ba ta faɗuwa idan zarto ko giranda ta shiga abu mai tauri. Ƙaramin batir a kan giranda shi ke kawo yawan tsayawa da zafi. A kan diril na ɗaura kusa kuwa ƙaramin ya fi, saboda hannu ba ya gajiya.

A nan ne jabu ke cutar mutane, abin kuma yana damunmu ƙwarai. Ƙwayar 18650, wato irin da aka saba sa wa waɗannan batiran, mafi ɗaukar caji a cikinta ba ta wuce kusan 3.5Ah, nauyinta kuma wajen giram 45 ne. Batir mai girman ƙwayoyin 18650 goma da aka rubuta masa 9.0Ah ƙarya yake yi. Ki ɗora shi a sikeli: idan bai kai rabin kilo ba, kada ki karɓa.

Tambaya ta ƙarshe: “Zan iya sa batirin Makita a injin wani kamfani da adafta?”

Zai tashi, amma ba mu ba da shawara. A wasu kamfanoni, abin da ke yanke wuta kafin ƙwayoyi su zuƙe yana cikin injin ne, adafta kuma kan katse wannan sadarwa, sai batir ya zuƙe har caja ta ƙi karɓarsa. Zaɓi kamfani ɗaya ka tsaya a kansa. Kada ka sa batir a caja yana da zafi daga aiki, bar shi ya huce. Idan zai yi watanni a ajiye, bar shi da rabin caji, a inuwa, nesa da kusoshi da za su iya haɗa bakunansa.