Wa ke tsara ajandar kwamitin da ke sa ido kan 'yan kwana-kwana?

Tambaya: Ina zaune a jihar California ta Amurka. Na je zaman kwamitin da ke kula da hukumar kashe gobara ta yankinmu, na kai kuka kan busasshiyar ciyawa da ta cika wani fili a bayan gidajenmu. Suka ba ni minti uku, suka yi godiya, suka shiga wata magana. Da na matsa, shugabansu ya ce batun ba ya cikin ajanda. Raini ne ko ƙa'ida? Kuma wa ke rubuta ajandar nan?

Amsa: Malam, ba raini ba ne, doka ce ta taka musu birki. Tun 1953 California take da dokar Brown, wadda ta wajabta wa majalisun ƙananan hukumomi da kwamitocinsu yin zama a bainar jama'a. Dole a liƙa ajanda inda kowa zai gani aƙalla awa 72 kafin zaman da aka saba, awa 24 in zama na musamman ne. Kowane batu a rubuta shi a taƙaice, galibi ba sai ya wuce kalma 20 ba. Abin da ba a rubuta ba, ba a muhawara a kansa, balle a yanke hukunci, sai fa in gaggawa ta taso, ko kashi biyu cikin uku na wakilan kwamitin suka yarda cewa matsalar ta ɓullo bayan an liƙa takardar kuma ba ta jira. Hikimar a fili take: mai filin da ka kai ƙara shi ma yana da haƙƙin sanin ranar da za a tattauna maganarsa.

Wanda ke rubuta ta kuwa, a yawancin wurare mutum uku ne: shugaban 'yan kwana-kwana, sakataren kwamitin, da shugaban kwamitin. Manyan jami'ai su kawo bukatun sassansu, sakatare ya jera su, lauyan hukuma ya duba lafazin, shugaban kwamitin ya amince. Kowane batu yana zuwa da rahoton ma'aikata da ke bayanin kuɗin da za a kashe da shawarar da suke bayarwa, a haɗa su kundi guda a raba wa wakilai. Kai ma kana da ikon ganin kundin.

A ganina, a nan ƙarfin yake. A takarda kwamitin ne ke sa ido kan shugaban hukumar, amma shi wanda ake sa wa idon ne ke zaɓen yawancin abin da zai zo gabansu. Wakilai kuma da yawansu ba su taɓa riƙe mesar ruwa ba, kuma suna da sana'o'insu. In ba su dage ba, sai su zama 'yan amshin shata.

Ka lura da sashen da ake tara abubuwan da aka ɗauka babu gardama a kansu, a amince da su da ƙuri'a ɗaya: bayanin zaman baya, biyan 'yan kwangila, sabunta yarjejeniyoyi. Amfaninsa rage ɓata lokaci. Sai dai wani lokaci babbar sayayya kan laɓe a ciki, alhali motar kashe gobara ɗaya a yau tana iya kai dala miliyan ɗaya. Kowane wakili na iya cewa a ciro batu daga wannan jerin a tattauna shi daban, kuma jama'a na da damar magana a kansa kafin ƙuri'a. Akwai kuma zaman sirri, na tattauna shari'ar da ke kotu, ladabtar da ma'aikaci, cinikin fili ko sasantawa da ƙungiyar ƙwadago. Shi ma sai an ambace shi a ajanda.

Kada ka raina kundin nan. A Disamba 2024 shugabar hukumar kashe gobara ta Los Angeles, Kristin Crowley, ta rubuta wa kwamitinsu mai kwamishinoni biyar cewa rage kuɗin aikin ƙarin lokaci ya raunana shirinsu na tunkarar babban bala'i. Bayan wata ɗaya gobarar Palisades, wata unguwa a birnin, ta tashi, 'yan jarida suka tono takardar, ta zama abin cece-kuce tsakaninta da magajiyar gari Karen Bass, wadda ta sauke ta a Fabrairu 2025. Gargaɗin yana rubuce tun kafin wuta ta kama.

Game da ciyawarka, dokar ta bar ƙofa. Ko da batu ba ya cikin ajanda, wakilai na iya yi maka gajeriyar tambaya, su miƙa wa ma'aikata su bincika, ko su umarci a sa shi a zama na gaba. Abin da za ka roƙa ke nan ƙarara, maimakon ka tsaya ga ƙorafi. Ka rubuta wa sakatare tun da sauran mako biyu, ka haɗa da hotuna da adireshin filin, ka sami wakili ɗaya da zai ɗauki maganar. Kafin nan ma ka kira sashen rigakafin gobara, domin share ciyawa aikinsu ne na kullum, kuma a yankunan da gobarar daji ke yi wa barazana doka ta ce a share ƙafa 100 kewaye da gini. Mai yiwuwa sufeto ya aika wa mai filin takardar gargaɗi ba tare da an kai ga zama ba.