Tarar gudun wuce sa'a a Faransa

Tambaya: Malam, zan yi hayar mota a Faransa lokacin hutu. Nawa ne iyakar gudu, kuma idan kyamara ta kama ni fa?

Amsa: Ɗan'uwa, a babbar hanyar da suke kira autoroute kilomita 130 ne a sa'a, amma da ruwan sama ya sauko sai ya koma 110. Nan baƙi da yawa suke faɗawa. Cikin gari kuwa galibi 50 ne, sai dai in alamar hanya ta nuna wani adadi.

Ko kaɗan ka haura a cikin gari, tarar Yuro 135 ce. In ka biya cikin kwana 15, ta sauka zuwa 90. Ka yi sakaci ta kai 375. Dawowarka gida ba ta kashe maganar: kamfanin haya zai miƙa wa hukuma sunanka, ya kuma cire kuɗin ɗawainiyarsa daga katinka.