Jan saƙon bairos ɗin da ka tambaye ni

Kai yarona na ga saƙonka tun safe, ina kasuwa wajen neman sikirin ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce laftof ɗin Hajiyar nan sai jefo jan rubutu take ta gefen agogo wai antibairos ɗin McAfee ya kama bairos 5 a danna a biya kuɗi, kana tambaya ko ka yi mata fomatin kawai. Kar ka soma, hotunan bikin 'yarta na ciki.

Matso da idonka kan saƙon da kyau, akwai wani ɗan ƙaramin rubutu a jikinsa, za ka ga sunan Chrome da adireshin wani shafi mai kama da shirme. To ba antibairos ne ke magana ba, wani shafi ne aka shiga, galibi irin na sauke fim ko kallon ƙwallo kyauta, ya ce a danna Allow yaran gida suka danna, shi ke nan an ba shi izinin leƙowa duk sanda ya ga dama. Shafin intanet ai ba ya iya duba cikin kwamfuta balle ya ƙirga maka bairos, hoto ne kawai aka zana don tsoratarwa. Shiga Settings na Chrome, Privacy and security, Site settings, Notifications, duk sunan da ba ka gane ba ka toshe shi. In kuma irin wanda ke cika fuskar ne yana ƙara har da lambar waya wai ta Microsoft, danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai buɗe, ka kashe birauzar daga can, in ta tashi ta ce a dawo da shafuka ka ƙi. Microsoft ba ya sa lambar waya a gargaɗinsa.

Ni dai ba na danna saƙon da ya zo ya same ni, da hannuna nake buɗe Windows Security in duba Protection history. In da gaske an kama wani abu zan ga sunansa da inda yake zaune, ko a filash ko a Downloads. Wannan kam ka yarda da shi, ko da kirak ɗin Office ne, wato na sata da ba a biya ba, da wani ya sa mata, don ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Bayan na ƙarya da na gaske, sai na ukun, shi ne mai rikita mutane, antibairos ɗin na gaske ne amma talla yake. Avast na kyauta zai ce maka kwamfutarka na da nauyi, ana ganin adireshinka, sayi kaza. Kamar mai maganin gargajiya da lasifika a tasha, sai ya lissafo maka basir da shawara kafin ya fito da kwalba. Su Avast ɗin ma a 2024 hukumar FTC mai kare masu saye ta Amurka ta sa su biya dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga, ka ga kenan.

Ka duba in McAfee ɗin gwaji da ya zo da injin yana nan kuma ya ƙare, cire shi gaba ɗaya, Defender, antibairos ɗin da ke zuwa cikin Windows, zai kama aiki da kansa, ya ishe ta. Kar ka haɗa mata antibairos biyu, injin zai yi nauyi, ram ɗinta giga 4 ne kawai.

Ka yi cikakken sikanin kafin ta zo, kuɗin kuma bari in dawo, ba aikin da za a caje ta da yawa ba ne.