Tambayoyi da Amsoshi: Wace ƙaramar tocila ce ta fi?

Tambaya: Malam, gadi nake yi da dare a wani shago a Zariya. Na ga ƙananan tocila iri-iri a kasuwa, akwai mai cin 'yan ƙananan batir uku, akwai mai ɗaya, ga kuma ta caji. Wata ma an rubuta lumen 10,000 a kwalinta. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka fara da manta wannan 10,000 ɗin. Lumen ma'aunin yawan haske ne, kuma da tocilar aljihu za ta ba da haka da gaske, da ta yi zafin da ba za ka iya riƙe ta ba. Lumen 100 zuwa 300 na gaskiya ya ishe ka zagaya shago. Batirin ya kamata ka duba, don shi zai ci maka kuɗi kullum.

Mai AAA uku, wato 'yan ƙananan batir ɗin da ka ce, ita ce ta cika kasuwa, dalili kuwa ƙwan LED fari yana bukatar kusan volt 3, su kuma ukun suna ba da 4.5, sai maƙera su huta da sa wata na'ura a ciki. Da farko haske fes, daga nan sai ta riƙa dusashewa a hankali. Ga shi ukun a haɗe da kyar suka ɗara AA (batirin da ya fi AAA girma) guda ɗaya mai kyau, amma kuɗin uku kake biya. Ni dai ba na sha'awarta.

Mai AA ɗaya tana da 'yar na'urar da ke ɗaga ƙarfin batirin ya kai abin da ƙwan ke so, kuma ko a teburin mai shayi ba a cika rasa AA ba. In ka samu na caji irin NiMH, kamar Eneloop, ya fi, don na alkalin in ya daɗe a ciki yakan yi tsatsa ya cinye maka tocilar.

Amma mai kwana a waje kullum, batirin caji mai suna 18650 ne nasa. Sunan daga girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Lithiyam ne mai volt 3.7, ɗaya kuma yana ɗauke da abin da AA uku zuwa huɗu za su ɗauka. A nan ma akwai jabu. Na kirki galibi ba su wuce wajen 3,500 mAh ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), saboda haka in ka ga 9,900 a jiki, ajiye musu kayansu. Sau da yawa za ka ji shi sakayau a hannu. Ka nemi tocilar da ake buɗewa a canza batirin, ba wadda aka liƙe ba. Kada ka bar shi a rana, kada ya haɗu da makullai a aljihu. Akwai kuma 14500, girmansa ɗaya da AA amma volt 3.7 ne, in ka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba, ƙonewa za ta yi.

Tambaya: Ina da tsohuwar tocila Mini Maglite ta mahaifina, ƙwanta ya mutu. In jefar?

Amsa: A'a, Hajiya. Kwance murfin gindin, ki ciro sifirin ɗin, galibi akwai ƙwan ajiya ɓoye a wurin. Sai dai irin wannan ƙwan mai zare yawancin wutarsa a zafi take tafiya, shi ya sa haskensa ja-ja ne kuma yake shan batir. LED fari ya samo asali ne daga shuɗin LED da Akasaki da Amano da Nakamura suka samar, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, kuma haskensa ya ninka na mai zare sau da yawa a wuta iri ɗaya. Ana sayar da ƙwan LED da ke shiga gurbin tsohon, ki tafi da tocilar a gwada a gabanki.