Kafin ki ɗinke jarinki ki tura London

Wata Hajiya mai shagon ɗinki a Kano ta aiko da tambaya. Tana da teloli, tana ɗinka dogayen riguna da abaya da kaftani, tana tallarsu a Instagram. Yanzu oda ta fara shigo mata daga Yamai da Accra har da London, inda ƙanwarta take aure. Ƙanwar ta ce a ɗinka kaya masu yawa a turo, su kama shago a can. Hajiya tana so ta ji yadda manyan kamfanonin tufafi irin su Zara suka shiga ƙasashen waje, ko ita ma ta zuba jarinta.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki karɓi odar da hannu biyu, amma kada ki kama shagon tukuna, kuma kada ki mai da jarinki ɗinkakkun kaya gaba ɗaya.

Tunda Zara kika ambata, bari mu fara da ita. Amancio Ortega ya buɗe shagonsa na farko a arewa maso yammacin Sifaniya a 1975. Bai tsallake iyaka ba sai 1988, bayan shekara 13, kuma birnin Porto na Fotugal ya je, maƙwabciyarsu, inda motar kaya za ta tashi daga masana'anta ta isa a yini guda. Bayan nan ne ya shiga New York a 1989, da Paris a 1990.

Abin da ya fi shagunan muhimmanci shi ne yadda kaya suke isa cikinsu. Inditex, kamfanin da ya mallaki Zara, yana ɗinka kusan rabin kayansa kusa da gida, a Sifaniya da Fotugal da Maroko da Turkiyya, duk da cewa ɗinki ya fi araha a Bangladesh da Sin. Kayan da ba sa tsufa, irin su fararen riguna na ciki, su ake kaiwa Asiya a yi da yawa. Kayan yayi kuwa a kusa ake yi, kaɗan-kaɗan, a tura wa shaguna sau biyu a mako. Masu kula da shaguna suna sanar da hedikwata abin da ya tashi da abin da ya kwanta. Wanda ya tashi a ƙaro cikin 'yan makonni, wanda ya kwanta a daina yankawa. Har yadi sukan ajiye ba tare da an rina ba, sai sun ga launin da kasuwa take nema.

Nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Bandir ɗin shadda da yake kan kantar shagonki kuɗi ne: gobe zai iya zama kaftanin ango, ko rigar mace, ko ki sayar da shi yadda yake a Kantin Kwari. Da zarar almakashi ya shiga, ya zama riga ɗaya, mai awo ɗaya, mai jiran mutum ɗaya. In tana rataye a London ba a saya ba, ga haya da fam, ga kuɗin jirgi da kika riga kika biya, ga yayi yana wucewa. Ko manya wannan ciwon yana kama su. A 2018 kamfanin H&M na Suwidin ya wayi gari da kayan da ba a sayar ba na dala biliyan 4.3. Uniqlo na Japan ya shiga Ingila a 2001, ya yi gaggawar buɗe shaguna 21, kafin 2003 ta ƙare ya rufe 16. A gida ma mun gani: Woolworths na Afirka ta Kudu ya rufe shagunansa a Najeriya a 2013 saboda tsadar haya da haraji da wahalar shigo da kaya, Mr Price ya bi sahu a 2020.

Saboda haka ki fara da ɗinkin oda, a biya rabin kuɗi kafin a yanka. Ki tura wa ƙanwarki samfuri kaɗan na kowane ɗinki, mutane su taɓa, su gwada. Awo shi ne inda aka fi samun rigima da masu saye daga nesa, don haka ki tsayar da awonki a rubuce, ƙirji da tsawo da hannu, kowane tela ya bi shi. Rigar da aka dawo da ita daga Ingila ta cinye ribar uku.

Maganar ƙanwarki kuma, manyan ma ba su cika shiga baƙuwar kasuwa su kaɗai ba. Zara ta shiga Indiya a 2010 ne tare da kamfanin Tata, a ƙasashen Larabawa kuma 'yan kasuwar can ne suke riƙe da shagunan. Amma da yarjejeniya suke yi. Ku rubuta: wa zai biya kwastan, kaso nawa ne nata, kayan da suka yi kwantai asarar wa. Na sha ganin kasuwanci ya raba 'yan ɗaki ɗaya don an ji kunyar rubutu.

Ki tuna ke ma yadinki daga waje yake zuwa, shadda daga Turai ko Sin, da dala ake sayensa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta riƙa yanke mata daraja, farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, don haka ki sa wa masu saye na waje farashi da kuɗinsu. Kada ki dogara da dila ɗaya ko hanya ɗaya. Rufe iyakar Nijar a 2023 ya tsayar da kayan mutane watanni. Odar Sallah kuwa ki rufe karɓa tun kafin azumi ya raba.

Ni da zan zaɓa miki, Yamai da Accra zan sa a gaba, don ɗinkinmu suke sawa kuma kuskure a can yana gyaruwa da sauƙi. Ki yi rajista da hukumar NEPC mai kula da fitar da kaya, ki buɗe littafi na musamman don odar waje. In Sallah biyu suka wuce kina ganin mutanen London suna dawowa da kansu, ki kawo littafin mu duba maganar shago.